Kurɓa uku na shayin na'ana'a sun kwantar da ni asibiti, amma a gidan surukai an ce iyayi ne

Maman Ilham (Hindawiyya):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekara biyu ina cikinku ban taɓa cewa uffan ba, sai dai in karanta in wuce. Yau dole ce ta sa, don tura ta kai bango.

Jikina ba ya shiri da na'ana'a. Abin da a nan ake ce wa hasasiyya, a gida mu ce borin jini, sai dai nawa ya wuce ƙaiƙayi. Tun ina 'yar makaranta a Kano, in na goge baki da makilin sai leɓɓana su tsattsage, gefen bakina ya yi ja yana saɓa. Inna ta ce sanyi ne, ta shafa mini man kaɗanya. Da aure ya kawo ni Makka shekara shida da suka wuce sai abin ya sake salo, don kun san nan shayi da ganyen nan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Daren Alhamis aka yi azuma, wato walimar cin abinci, a gidan yayar maigidana a Rusaifa. Kafin a zuba na matsa kusa da ita na ce, "Yaya, ki tuna ba na shan mai ganye." Ta ce, "Na sani, ga naki nan babu ko ɗaya." Kurɓar farko na ji harshena kamar an barbaɗa masa barkono, na ce ko zafin shayin ne. Ban kai ga ajiye kofin ba tafin hannuna ya kama ƙaiƙayi, kunnuwana suka ɗau zafi. Na shiga banɗaki na dubi madubi, leɓena na sama ya yi suntum, wuyana ya yi ruɗu-ruɗu. Na buɗe baki in kira Abban Ilham, muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta dishe, yawu ma ya ƙi wucewa. Ilham tana riƙe da gefen abayata tana cewa "Mama, fuskarki." Abin da na iya tunawa bayan nan shi ne allura a cinya da robar iska a hanci. Sai da hantsi aka sallame ni.

Ashe buta ɗaya ce. Cokali ta sa ta tsame ganyen, ta zuba mini ruwan. Ba mugunta ta yi ba, ta ɗauka ganyen ne matsalar. Amma Hajiya, mahaifiyar maigidana, har yanzu cewa take ba ta taɓa jin wanda shayi ya kayar ba, iyayi ne na 'yan boko, kuma na kunyata 'yarta a gaban baƙi.

Abu biyu nake nema. Da me zan riƙa goge baki? Kuma yaya zan yi in ƙi karɓar shayi a gidan mutane ba tare da na ɓata zumunci ba?

Baba Alhaji na Jarwal:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗiyata, Allah ya ƙara sauƙi. Amma ki bar ni in faɗa miki gaskiya irin ta uba. Shekarata 41 a garin nan, na sayar da shayi a lokacin Hajji tun kafin a haifi wasunku, dubban alhazai sun sha daga hannuna, ban ga wanda ya faɗi ba. Na'ana'a ai magani ce. Mai kumburin ciki ita ake ba shi, mai mura ita yake turara. Ina ganin tsoro ne ya shige ki. Ki riƙa sa ganye ɗaya a kofi kullum da bisimilla, jiki zai saba. Abin da Allah ya halatta ba a ƙyamarsa.

Sista Rabi (Jidda):
Baba, Allah ya ƙara girma, ku yi mini afuwa, amma ba zan iya yin shiru a kan wannan ba. Maman Ilham, don girman Allah kada ki gwada ganye ɗaya, kada ki gwada rabinsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa, abin da kika siffanta shi ne mataki mafi haɗari na hasasiyya, wanda likitoci ke kira anafilaksis. Dishewar murya da kasa haɗiyar yawu alama ce cewa maƙogwaro yana kumbura ta ciki. Garkuwar jikinki ce ta ɗauki wani abu a cikin ganyen a matsayin abokin gaba, da zarar ya shigo sai ta saki sinadarai irin su histamin gaba ɗaya: jijiyoyin jini su saki, hawan jini ya faɗi, hanyar numfashi ta tsuke. Babu wanda zai iya ce miki na gaba zai zo da sauƙi.

Gaskiya ne akwai hanyar sabar wa jiki kaɗan-kaɗan, har Amurka ta amince da irin wannan maganin na masu hasasiyyar gyaɗa a 2020. Amma awo ne na ƙanƙanin miligiram, a gaban likita, da allurar ceto a ajiye a gefe. Ba a falo da kofin shayi ba.

Tambayata gare ki: sun rubuta miki allurar adirinalin ta hannu, mai kamar alƙalami?

Maman Ilham (Hindawiyya):
Sun rubuta, Anti Rabi, mun sayo guda ɗaya. Tana cikin aljihun motar Abban Ilham don kada mu mance da ita.

Sista Rabi (Jidda):
Innalillahi. Yanzu-yanzu ki aika a ɗauko ta. Allurar nan ana son ta zauna a zafin ɗaki, wajen digiri 20 zuwa 25. Motar da aka ajiye a rana a Makka kin san tanderu ce, zafi yana kashe ƙarfin maganin. Firji ma ba wurinta ba ne. Ki duba 'yar tagar da ke jikinta, ruwan ya zama garau kamar na sha. In ya sauya launi ko kin ga gari-gari a ciki, ta tashi aiki. Kuma tunda ta kwana biyu a mota, ki kai wa mai saidaliyya, wato kantin magani, ya gani. Wurinta jakar hannunki, duk inda kika sa ƙafa.

Biyu ake so ki mallaka, don in an yi ta farko minti 5 suka wuce babu sauƙi, ana ƙara ta biyu. Ta manya miligiram 0.3 ce, ta ƙananan yara 0.15. A gefen cinya ta waje ake dannawa, ko ta kan tufafi, ba sai an tsaya neman cire abaya ba. Sannan ki kwanta a ɗaga ƙafafunki, in numfashi ya yi wuya ki zauna, amma kada ki miƙe tsaye kina zirga-zirga. A kira Hilal Ahmar, masu motar asibiti ta gaggawa, a 997, ko 911. Ko kin ji garau sai kin je asibiti, domin yakan lafa ya dawo bayan wasu sa'o'i, shi ya sa suka riƙe ki har hantsi. Ƙwayar ƙaiƙayi irin su Piriton tana rage borin fata ne kawai, ba ta buɗe maƙogwaro.

Ki koya wa maigidanki, ki koya wa maƙwabciyarki. Lokacin da abin ya taso ke hannunki rawa yake.

Hajiya Uwani (Misfala):
Ni fa raina ya ɓaci da yayar mijin nan. An ce miki mutum ba ya shan abu, ki ce kin tsame? Da yarinyar nan ta mutu fa, me za ta ce wa iyayenta a Kano? Maman Ilham kina da haƙuri. Ni ce da ƙafata ta bar gidan har abada.

Maman Ilham (Hindawiyya):
A'a Hajiya, kada mu ɗau alhakinta. Ita ce ta bi mu asibiti ba takalmi, ta kwana a kan kujera tana kuka. Rashin sani ne, ni ma kaina na yi shekaru ban sani ba. Wadda ta fi damuna Hajiyarmu ce, ita kuwa uwa ce, ba zan iya ɗaga mata murya ba.

Abu Mus'ab (Madina):
Sannu 'yar'uwa. Ina aiki a saidaliyya, bari in ɗauki tambayarki ta farko, in ɗan faɗaɗa, don shayin ma shi ne mai sauƙi: ana ganin ganye, ana jin ƙanshi. Wanda ke ɓoye shi ne abin tsoro.

Abubuwa biyu ne manya a cikin man na'ana'a. Akwai mentol, mai sa a ji sanyi-sanyi, ya fi yawa a na'ana'a mai yaji. Akwai kuma kabon, mai ba da ƙanshin irin wadda ake jefawa a shayi. A jikin kwali za ki ga an rubuta Menthol, ko Carvone, ko duk wani suna da ya fara da Mentha. Da Larabci kuma "na'na'" ko "zaitun na'na'" ko "mintol". Inda gizo ke saƙar shi ne galibin man goge baki ba sa rubuta ko ɗaya daga ciki. Kalma guda suke sawa, Aroma ko Flavor, da Larabci "nakha", komai ya shige ƙarƙashinta. Har na yara mai ɗanɗanon sitiroberi wani akan ɗiga masa mentol don ya ba da sanyi. Wanda aka zana itacen aswaki a kwalinsa ma kada hoton ya ruɗe ki, ki juya baya ki karanta.

Abin da za ki nema shi ne wanda aka rubuta ƙarara cewa ba shi da ɗanɗano sam. Akwai na Ingila mai suna oraNurse, an yi shi ne don masu kasa jure ɗanɗano, kuma yana da fuloraid daidai na manya. Wannan fuloraid ɗin kada ki yi wasa da shi, shi ke tsare haƙori daga kogo, na manya ana son ya kai 1350 zuwa 1500 a ma'aunin da suke rubutawa. Ba ko'ina ake samunsa ba, yawanci sai an yi oda ta intanet. Duk da haka ki kai wa likitanki kwalin ya duba kafin ki sa a baki.

Ban da man baki, ki sa ido a kan waɗannan. Man zafi kusan dukkansu: Vicks, Robb da Mentholatum da alhazai ke zuwa da su daga gida, Abu Fas da ba a rasa shi a kowane gida a nan, da filastar ciwon baya irin Salonpas. Ruwan kuskure baki irin Listerine. Alewar tari, Halls da Tom Tom. Mu Hausawa ma ai kowace alewa minti muke ce mata, kin ga inda sunan ya samo asali, daga "mint", sunan na'ana'a da Turanci. Cingam. Maganin ƙwannafi na ruwa da na tsotsa da yawa ɗanɗanon na'ana'a ne da su. Akwai ƙwayar ciwon hanji da ita kanta man na'ana'a ce zalla a ciki. Shamfu mai sanyaya kai, man leɓe, zaren sakace. Man aski na maigida ma ki duba, tunda fuskarsa na kusantar taki da ta yarinya. In an rubuta miki magani, musamman na ruwa ko na tsotsa, ki buɗe takardar cikin kwali ki gangara can ƙasa inda ake jera kayan haɗi. Ki ce wa mai saidaliyya ya duba miki, aikinmu ne.

Ranar da za ki je wurin likitan haƙori kuwa, tun a waya ki faɗa. Man da suke goge haƙori da shi da wanda suke shafa wa dasashi kafin allura, da yawa masu ɗanɗano ne.

Ɗan Mai Wurno (Karantina):
Subhanallah, ashe abin da yawa. Mu a Sudan mun taso da aswakin arak, kakana har ya rasu haƙoransa cif. Me zai hana ta koma aswaki kawai? Ga shi nan a ƙofar kowane masallaci, riyal ɗaya ko biyu. Kuma ba dole sai shayin ganye ba, akwai karkade, zoɓonmu ke nan, akwai shayin kirfa, akwai na citta da kanumfari.

Abu Mus'ab (Madina):
Aswaki ya yi, ɗan'uwa, ni ma shi zan ce ta riƙe kafin man ya iso, bayan ya iso ma ta haɗa biyun. Sai dai ta sayi ɗanyen saiwa daga hannun masu yankawa. Na cikin leda akwai wanda aka jiƙa da ɗanɗanon na'ana'a ko lemun tsami, an rubuta a jiki da ƙananan baƙaƙe. Zoɓo kuma in na gida ne ta haɗa da kanta lafiya lau, na sayarwa wasu suna jefa ganyen.

Malam Habibu (ɗalibi a Madina):
Baba Alhaji, Allah ya ja kwana, ina neman izini in ɗan yi magana a kan abin da kuka ce na halal. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo, ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaya ko haram ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa ba ya so. Khalid ya ci a gabansa bai hana shi ba. To in an bar halal don rai bai kwanta da shi ba, ina ga wanda zai toshe wa mutum numfashi? Ga kuma ƙa'idar da malamai suka gina hukunce-hukunce da yawa a kanta, ba cuta ba cutarwa. Zuma waraka ce da nassin Alƙur'ani, amma likitoci sun hana a ba jaririn da bai shekara ba, babu wanda ya ce sun ƙyamaci ni'ima.

Maman Ilham, wannan ƙissa ta damo ki ba maigidanki ya kai wa Hajiya. Tsofaffinmu in ka zo musu da takardar likita sai su ce boko ne, in ka zo da hadisi sai su saurara.

Baba Alhaji na Jarwal:
Malam, na ji, kuma ba na jayayya da hadisi. Na janye maganar ganye ɗaya. Amma ina nan a kan cewa yawancin masu cewa suna da hasasiyya yanzu ba su da komai. Matar ɗana in ta sha shayin na'ana'a da dare sai ta ce ƙirjinta na ci da wuta, wai ita ma hasasiyya. Mu da muka zo ƙasar nan ba mu san waɗannan cututtuka ba.

Sista Rabi (Jidda):
Baba, a nan kam kuna da rabin gaskiya, kuma gara da kuka kawo ta. Na surukarku ya fi kama da ƙwannafi. Na'ana'a tana sassauta bakin tumbi ta sama, sai ruwan tsami ya hauro, musamman in an sha an kwanta. Wannan ba hasasiyya ba ce. Haka wanda ya shaƙi man zafi ya yi atishawa ko idonsa ya kawo ruwa. Shi mentol yana taɓa wata kafa ce a jijiyar fata wadda aikinta jin sanyi, shi ya sa baki ke yin sanyi alhali babu ƙanƙara. Masanan da suka gano kafar nan, David Julius da Ardem Patapoutian, su suka karɓi kyautar Nobel ta likitanci a 2021. Kowa yana jin wannan sanyin, lafiyayye da marar lafiya.

Hasasiyyar gaskiya iri biyu ce. Akwai mai jinkiri, wadda ke fitowa a inda abin ya taɓa bayan yini ɗaya ko biyu: tsagewar leɓe, gyambon baki, ƙuraje a hannu. Ana gano ta da filasta mai ɗauke da sinadarai da ake manna wa a gadon baya na sa'a 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Nan ma ba kullum na'ana'a ke da laifi ba, kirfar da ke cikin wani man bakin ko sinadarin kumfa sukan yi haka. Sai mai gaggawa, ta cikin mintoci, irin ta Maman Ilham. Ita ana ɗan tsaga fatar hannu ne a ɗiga abin, a jira minti 15 zuwa 20, a asibiti kawai. Wannan ta biyun ba ta da yawa a kan na'ana'a, shi ya sa kuka yi shekara 41 ba ku gamu da ita ba. Amma Baba, wadda aka sa wa robar iska ba ta cikin masu raki. Da ma can akwai masu ita, sai dai a ce iska ce ta buge su ko an yi musu sammu.

Baƙuwar Riyad:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri ban sa sunana ba. Aikin gida nake yi. Kullum da la'asar ni ke tsinke na'ana'a, dami guda, in wanke in jera a faranti, in markaɗa musu lemun tsami da ita. Wata uku ke nan yatsuna sun tsattsage, tsakaninsu na fitar da ruwa, da dare ba na barci don ƙaiƙayi. Na gaya wa uwar ɗakina ta ce sabulu ne, ta miƙo mini wani man shafawa mai sanyi, na shafa abin ya ƙaru. Ina tsoron in matsa ta ce ba na son aiki. Kuma takarduna ba su cika ba, asibiti na mini nisa. Wannan ma ita ce? Zan iya kaiwa irin halin da Maman Ilham ta shiga?

Sista Rabi (Jidda):
Ƙanwata, sannu. Daga nesa ba zan yanke miki hukunci ba, don ruwa da sabulu da ɓawon lemun tsami duk suna iya tsaga hannu haka. Amma yadda man mai sanyi ya ƙara miki, abin lura ne, ki daina shafa shi yau. Ki nemi safar hannu ta roba mai shuɗi irin ta asibiti, ki sa duk lokacin da za ki taɓa ganyen ko lemun ko ruwan wanke-wanke. Ki riƙa shafa basilin fari marar ƙanshi bayan kowane wanki da lokacin kwanciya. Ki ba shi mako biyu ki gani. Mai irin ta fata ba lallai ne ta koma mai gaggawa ba, hanyoyinsu a jiki daban ne. In ya fara fitar da mugunya ko ja ya bazu yana hawa hannu, sai an gani da ido. Akwai layin Ma'aikatar Lafiya, 937, ana magana da likita ta waya.

In kuwa wata rana kika ji leɓe ko harshe na kumbura, ko numfashi na sarƙewa, ki manta da maganar takarda ki kira 997.

Hajiya Uwani (Misfala):
'Yata ta Riyad, kada ki ce mata "ba zan iya ba". Ki nuna mata hannun da rana tsaka ki ce kina tsoron kada ruwan ciwon ya shiga abincin yara, ki ga in ba ita za ta sayo safar da kanta ba. Na yi aikin gidajen nan shekara goma sha, na san inda ake kama su.

Abu Mus'ab (Madina):
Maman Ilham, saura cin abinci a waje. Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 masu jawo hasasiyya, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, riɗi, alkama. Na'ana'a ba ta cikinsu, don haka kada ki dogara da alamomin da ke jikin takardar abinci. Tabbula da fattush da ita ake yi. Yogot mai kokwamba busasshiya ake barbaɗa masa, ba za ki ga kore sosai ba. Waraƙ inab, koren yajin Indiyawa, biryani, duk ki tambaya. Wurin masu markaɗa lemo ma jug ɗaya ne, a yi mai na'ana'a a ɗauraye sama-sama a zuba miki mangwaro. Wurin da ake busa shisha kuwa ki yi nesa da shi.

Ki rubuta a 'yar takarda da Larabci ki riƙa miƙawa: "Indi hasasiyya shadida minan na'na', hatta law ƙalil." Ki sa a ƙara da Turanci da Urdu, tunda masu kicin da yawa ba Larabawa ba ne.

Wani abu kuma, ganyen nan yana da dangi: ɗoɗɗoya, za'atar, maramiyya, da habaƙ da dosh da mutanen Madina ke sa wa shayi. A nan in mutum ya ce miki "wannan ba na'ana'a ba ce, habaƙ ne", kada ki karɓa, gida ɗaya suka fito. Ba kowane mai hasasiyyar na'ana'a ke rikicewa da su ba, amma likitan hasasiyya ne zai tantance, ba harshenki ba. Turai ta yi doka a 2023 da ta sa mentol da kabon da man na'ana'a cikin abubuwan da dole a ambaci sunansu a kayan shafa in sun kai wani adadi, kayan da ke zuwa daga can za su riƙa fitowa da bayani a hankali.

Goggo Asabe (Sharar Mansur):
Duk kun yi maganar magani, ba wanda ya amsa wa yarinya tambayarta ta biyu sai Malam. Ɗiyata, saurara. A ƙasar nan da can gida duka, mayar da kofi cin fuska ne, kin sani na sani. To kada ki bari a kai ga miƙo miki. Kina shiga, bayan gaisuwa, ki riga su: "Hajiya, yau gahawarku na zo sha." Gahawa da hel ake dafa ta, tulunta daban, kin karɓi karamcinsu ba ki mayar da hannun kowa ba. In gidan na jiki ne, ki tafi da ɗan filas ɗinki, ki zuba wa uwar gida ta ɗanɗana naki, sai ya zama kin kawo abin arziki ne.

Maganar surukarki kuwa ba taki ba ce, ta ɗanta ce. Shi zai je shi kaɗai, ba a gaban 'yarta ba, ya zauna a ƙasa ya ce mata, "Hajiya, da idona na ga an danna mata allura, likita ya ce da mun makara da sai dai wani zancen." Uwa ba ta ƙi jin ɗanta ba. Abin da ke cin ta kunyar da 'yarta ta ji ne, ta rasa inda za ta sauke sai kanki. Ke kuma ki dafa abu mai kyau ki kai wa yayar nan da ta kwana a kujera, a gaban Hajiya, ta ga babu komai a ranki.

Baba Alhaji na Jarwal:
Asabe ta faɗi magana. Ɗiyata, in mijinki yana jin nauyi, ki ce ya zo ya same ni bayan Isha'i, in raka shi. Tsoho da tsohuwa sun fi jin yaren juna.

Maman Ilham (Hindawiyya):
Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shiruna na kwana tara. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Allurar da ta kwana a mota mun sake ta, yanzu biyu ne a jakata, na koya wa Abban Ilham da maƙwabciyata da ta gwaji marar tsini. Na kwashe leda guda cike daga gidana: man zafi uku, shamfu, alewar tari, har man leɓen da nake shafawa kullum don tsagewar, ashe da mentol a ciki. Ina kan aswaki, kwana shida ke nan gefen bakina bai tsage ba, rabona da haka tun ina budurwa. An ba ni ranar ganin likitan hasasiyya wata mai kamawa, zan tafi da jerin ganyayen da Abu Mus'ab ya lissafa.

Baba, mun gode, bai kai ga zuwa ba, ya yi ta maza ya je shi kaɗai da ƙissar damo. Hajiya ba ta ce masa komai ba, ta dai ce ya tashi ya tafi dare ya yi. Jiya Juma'a muka je gaishe ta. Ba ta tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Da aka zo zuba shayi sai ta ce wa jikarta, "Ɗauko ƙaramar butar can sabuwa, mai jan zare a hannu, ita ce ta uwar Ilham, kada in ga an sa mata komai sai citta." Na sha kofi biyu.

Baƙuwar Riyad, yaya hannun? Kin samu safar? In ba ki samu ba ki yi mini magana ta gefe, ƙanin Abban Ilham yana tuƙa mota zuwa Riyad ranar Talata.